Tambayoyi da amsoshi kan tara mindodin mazan jiya da tsofaffin kayan soja, daga Agege

Assalamu alaikum jama'a. Tunda mutane suka san ina wannan harka ta tara mindodi, wato lambobin yabon da ake maƙalawa soja a ƙirji, da tsofaffin kayan soja kusan kullum sai an tare ni da tambaya, wani a masallaci bayan la'asar, wani a bakin shago, wani ma daga Mile 12 ko Idi-Araba zai turo min hoto a WhatsApp yace Malam duba min wannan na gani a kayan marigayi, shine nace bari in tattara waɗanda aka fi maimaitawa in amsa su wuri ɗaya. Ni dai abin ya samo asali ne daga akwatin ƙarfen kakana wanda yaje yaƙin Bama (ƙasar Burma, wadda yanzu ake cewa Myanmar), Allah ya jiƙansa, ranar da aka buɗe akwatin bayan rasuwarsa ne na fara ganin taurarinsa a ƙulle cikin tsohon hankici tare da littafin sallamarsa daga soja, tun ranar abin bai sake ni ba.

Malam wai minda kaɗai ake tarawa ko harda wasu abubuwa?

Minda ita ce uwa amma ba ita kaɗai bace. Akwai bajon hula, maɓallan tagulla na kaki, igiyar kofur da ta saje, aninin hafsoshi, bel, begila, jar dara, gorar ruwa, hotunan fareti, wasiƙu da boko ko da ajami, sai kuma littafin biyan albashi da takardar sallama. Ni in za'a ajiye min minda ɗaya da takardar sallama ɗaya ace in zaɓa wallahi takardar zan ɗauka, saboda ita ce mai suna da lamba da garin mutum da shekarar da ya shiga, ita ce ke magana.

Kawu me ya haɗa Bahaushen Legas da kayan sojan Turawa?

Ɗana ai mu ne ma muka fi kowa haɗuwa da su, sai dai ba'a faɗa mana ba. Rundunar sojan Najeriya da kanta tana ƙirga asalinta ne daga 1863, lokacin da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya haɗa wata 'yar runduna ta Hausawa a nan Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu, ana kiransu Hausawan Glover, har ya tafi da su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Daga baya aka kafa rundunar WAFF, wato rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda Lugga (Lugard) ya fara jagoranta, a 1928 aka ƙara mata suna ta koma RWAFF, bajonta bishiyar kwakwar manja ce, kuma Hausa ce harshen bariki, Baturen hafsa ma dole ya koya. Shi yasa har gobe muke cewa samanja, kofur, saje, kurtu, bataliya.

Kuma ka duba sunayen barikokin da kake wucewa a danfo kullum baka taɓa tambaya ba. Dodan Barracks na Ikoyi inda aka mulki ƙasar nan tun zamanin Gowon har aka koma Abuja a 1991, sunan wani wuri ne a Bama. Barikin Myhoung da barikin An a Yaba, barikin Arakan da na Tamandu a Apapa, duk wuraren da kakanninmu suka yi gumurzu da sojojin Japan ne. Barikin Marda kuma sunan wata mashiga ce tsakanin duwatsu a Habasha inda aka gwabza da Italiya a 1941. Runduna ta 81 da hedkwatarta ke nan Legas da ta 82 da ke Inugu sun gaji lambobin rundunoni biyu ne na Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, ta 81 alamarta baƙin gizo ne a kan ƙyalle ruwan ɗorawa, ta 82 kuma mashi biyu ne a gicciye a kan gammo, don da ka ne aka riƙa ɗaukar kayan yaƙi a dazukan da mota bata shiga. Ranar da na fara riƙe bajon gammon nan a hannuna sai da idona ya cika, don kakana yasha bamu labarin dakon akwatin harsashi a ka cikin ruwan sama kwana da kwanaki, muna yara muna ɗauka tatsuniya ce.

Yaya na samu taurari da wasu masu kama da kwabo a kayan kakanmu, ta yaya zan gane na wane yaƙi ne?

Ƙanwata fara da ƙyallen da aka rataye su, shi ya fi saurin faɗa miki. In tauraro ne mai tsini shida launin tagulla to na yaƙin duniya na biyu ne, wanda tsofaffi ke cewa yaƙin Hitila, kuma sunan tauraron yana rubuce zagaye a tsakiyarsa. Burma Star ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro. 1939-1945 Star layi uku ne daidai wa daida, shuɗi mai duhu, ja, sai shuɗi mai haske. Africa Star launin yashi ce da ja a tsakiya, wannan ita ake gani wurin waɗanda suka yi yaƙin Habasha da Somaliya, kinsan sojojin Najeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Fara mai zagaye wadda a bayanta zaki ya taka wani dodo ita ce War Medal, kan Sarki Joji na shida ne a gabanta, kuma ba azurfa bace duk da tana kama.

In kuma kin ga kan sarki mai gemu, a baya mutum a kan doki da rubutun 1914 da 1918, to wannan British War Medal ce ta yaƙin duniya na farko kuma azurfa ce ta gaske, yawanci tana tafiya da Victory Medal mai ƙyalle kalar bakan gizo. Mutanenmu sun samu waɗannan ne a yaƙin Kamaru da Jamus daga 1914 zuwa 1916, su Garwa da dutsen Mora, sannan Gabashin Afirka. Ki juya ta ki duba bakin gefenta a hasken rana, zaki ga lamba da muƙami da suna da rundunarsa an buga da ƙananan baƙaƙe.

Tawa babu suna ko ɗaya a jiki, kenan jabu ce?

A'a kwantar da hankalinka. Mindodin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba haka suka zo fayau babu suna, su Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu ne suka buga sunaye a nasu. Na yaƙin farko da na kafin shi su ne masu suna. To ka gane dalilin da yasa nake nacewa kan takarda, Burma Star in ta rabu da littafin mai ita shikenan ta zama marainiya, babu wanda zai sake sanin ƙirjin wa ta hau.

To ta yaya ake gane jabun?

Nima an taɓa cuta ta shi yasa nake faɗa da zafi. Shekarun baya wani mai kayan tarihi ya fito min da wata fara daga cikin gwangwani yace ta yaƙin Kano ce, zuciyata ta riga hankalina na biya ban ko tsaya ba, sai da nazo gida na sa gilashin masu gyaran agogo naga fuskar sarkin duk ƙananan ramuka kamar wanda yayi agana, a bakin gefen ga wani siririn layi ya zagaye inda ɓari biyu na zubi suka haɗu, rubutun kuma ya dakushe kamar an lasa. Zuba ta aka yi, irin yadda ake zuba tukunyar dalma. Ta gaske bugawa ake da inji, gashin sarkin da baƙaƙen duk sai ka gansu tsaf ko ta tsufa.

Sauran abubuwan dubawa, yawancin masu zagayen faɗinsu milimita 36 ne, in ka ga ta gaza to ko kwafi ce ko an goge bakin an sake wani suna, kuma wurin da aka goge yakan fi sirancewa, ka mirgina ta tsakanin yatsu zaka ji. Ka sa mayen ƙarfe, in ya kama faifan to ba azurfa bace. Ka je wurin maƙerin zinariya ya auna maka ita a sikelinsa tare da wadda ka tabbatar da ita. Sannan ka ji tsoron labari mai daɗi da yawa, duk wanda yace maka wannan ta Chari Maigumeri ce, samanjan nan da ya fara yiwa Jamus soja kafin ya dawo ɓangaren Ingila wanda aka sawa barikin Lokoja sunansa, to ka nemi hujja a rubuce, in babu ka kama gabanka.

A ina ake samunsu a Legas?

Babu wata kasuwa tasu ta musamman, sa'a ce da yawan tambaya. Ana dacewa wurin 'yan uwanmu masu kayan gargajiya a kasuwar Jakande ta Lekki, nan dai farashin na baƙi ne kuma sabo da tsoho a cakuɗe suke, wani lokacin a Jankara cikin Eko wurin masu tsofaffin tarkace, zaka gansu a faranti ɗaya da anini da kwabo mai huji da kuɗin Biyafara. Amma gaskiya mafi yawan abinda na samu daga hannun 'yan gwangwan ne. Yaran nan masu tura baro suna sayen ƙarfe gida gida su ne ke fara cin karo da su in an rushe tsohon gida ko an share ɗakin mamaci, kuma su a wurinsu tagulla ce kawai ta kilo, gobe tana kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin jibi an narka. Ni na nuna wa 'yan unguwarmu hotuna a waya nace duk wanda ya ga irin wannan ya kawo zan biya fiye da kuɗin kilo, wata rana wani yaro ɗan Jigawa ya zo min da bajon kwakwa guda biyu da maɓallai bakwai a cikin robar lemo duk sun yi kore, a ƙasan buhun wayoyin wuta ya tsinto su.

Nawa ake sayensu, akwai kuɗi a harkar?

In kuɗi kake nema ka nemi wata sana'ar ɗan'uwa. Taurarin yaƙin duniya na biyu an buga su da yawan gaske, British War Medal ma ta azurfa an raba sama da miliyan 6, saboda haka guda ɗaya tilo bata da wani tsada. Abinda ke ɗaga daraja shine suna a jiki, ƙarancin waɗanda aka baiwa, lambar jarumta irin su DCM ko MM, da kuma a samu duka na mutum ɗaya a haɗe da takardunsa da hotonsa. In kana son sanin farashin gaskiya ka duba bayanan cinikin da gidajen gwanjo na Landan irin su Noonans da Spink suka riga suka yi, abinda aka saya zaka duba ba abinda mai talla ya yanka ba. Kuma dan Allah a daina yarda da zancen nan na cewa akwai wani sinadari a cikin tsofaffin mindodi ko kwabbai da Turawa ke saye da miliyoyi, 'yan damfara ne, nasan wanda ya sayar da babur ɗinsa a kan wannan.

Baba sun yi baƙi ƙirin, in goge su da Brasso ko toka da lemon tsami?

Kar ka soma. Wannan ita ce ɓarnar da har yau take ci min rai, don ni na yiwa ta kakana. Ina sabon shiga na samu toka da tsamiya na zauna a tsakar gida na dirje War Medal ɗinsa har tana ɗaukar ido, ina murna, sai daga baya na lura gashin zakin ya shafe, fuskar duk ta yi zane zane, abinda ya shekara sittin a lafiya na lalata shi a yini ɗaya kuma baya dawowa. Baƙin nan da kake gani a azurfa kariya ne kuma shaidar tsufa ne. In datti ne kawai, ruwan ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi da tsohon burushi mai laushi sun isa, kar ruwan ya taɓa ƙyallen, ka tsane ta sosai da auduga.

Babban abokin gabarmu a nan Legas laima ce da iskar teku mai gishiri, abinda zai shekara hamsin a Katsina ba abinda ya same shi nan damina biyu sai ka ga tagulla ta fara kore ƙyalle ya yi fumfuna. Kar ka ajiye a leda mai laushi, tana gumi tana cin ƙarfe, kar ka ɗaure da roba, kar ka jingina akwatin da bango ko ka ajiye a ƙasa musamman masu zama inda ruwa ke shiga gida. Ka naɗe kowace daban a farin ƙyallen auduga, ka riƙa tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi kana jefawa ciki kana canzawa. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe ya yage kar ka yar, in ma ka sa sabo ka ajiye tsohon tare da ita. Takardu kuma kar a kai a manne su da roba mai zafi a shagon kwamfuta, a ɗauki hotonsu a ajiye na asalin a kwance.

Malam tsakani da Allah, ya dace Musulmi ya ajiye mindar waɗanda suka yaƙi Sarkin Musulmi?

Wannan tambayar wani dattijo ne ya min ita a Alaba Rago kuma na kwana ina juya ta. Mindar da yake nufi ita ce Africa General Service Medal, ta azurfa, ƙyallenta ruwan ɗorawa da baƙin gefe da siraran ratsin kore biyu, a kan ƙyallen akwai ɗan ƙarfe a gicciye mai sunan yaƙin. In an rubuta N. Nigeria 1903 to na cin Kano ne ranar 3 ga Fabrairu, da Sakkwato 15 ga Maris, har zuwa Burmi 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada shi da ɗimbin jama'a. In 1906 ce to Satiru ce da Haɗeja. Babu mai riƙe wannan ya ji daɗi, ni kaina duk sanda na ɗauke ta jikina sanyi yake.

Amma ka juya bakinta ka karanta sunan. Sau da yawa ba Bature zaka gani ba, zaka ga irin su Awudu ko Garuba ko Momadu an haɗa da sunan gari, Kano ko Zariya ko Bauci, yadda magatakardan bariki ya ji ya rubuta. Turawan tsiraru ne a rundunar, masu riƙe bindigar namu ne, wani bawa ne da ya gudo, wani yunwa ta koro, wani neman sule yake. Ni ban ajiye ta don alfahari ba, bana rataye ta a falo, na ajiye ta ne don in ɗana ya tambaye ni yadda ƙasar Hausa ta faɗi in sa masa ita a tafin hannu ya karanta sunan da idonsa. In muka narka ta sai wanda ke wurin Turawa kaɗai ya rage, su bada labarin yadda suka so. Dattijon bai gamsu gaba ɗaya ba, yace shi dai bazai kwana ɗaki ɗaya da ita ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Akwai abinda doka ta hana?

Akwai sosai. Kar ka sa kaki ko ka maƙala minda a ƙirji ka fita, farar hula ya sa kayan soja laifi ne kuma kowa yasan abinda ke biyo baya in aka tare ka a hanya, ni ko a gida bana sa ta kakana don ba ni na sha wahalarta ba. Bindiga komai tsufanta ko ta toka ce sai da lasisi, ni bana karɓa kwata kwata. Harsashi, gurneti, ƙwanson igwa da baka tabbatar fanko bane, kar ka taɓa kar ka ɗauka ka sanar da hukuma, tsufa baya kashe albarushi, duk wanda yake garin nan ranar 27 ga Janairun 2002 da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta tashi, ya ga gawarwakin da aka ciro daga magudanar Oke-Afa, baya buƙatar a masa dogon bayani. Wannan na fi faɗawa ƙannena 'yan gwangwan masu buga duk abinda suka tsinta da guduma.

Sai kayanmu na gida irin su takobi, sulke, kwalkwali, garkuwa da aka ƙera kafin 1918, waɗannan dokar 1979 ta hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta shafe su, ba'a cinikinsu kara zube kuma ba'a fita da su waje sai da izini. Ka leƙa gidan tarihi na Onikan ka tambaya kafin ka sa kuɗinka, ka samu ma ka ga motar da aka harbe Janar Murtala a ciki a 1976.

Ina son in binciko tarihin kakana, ta ina zan fara?

Ta tsofaffin gidanku, yau ba gobe ba, ka kunna rikodar waya ka zauna gaban gwaggo ko baffa ka barsu suyi ta zuba. Sannan ka nemo lambarsa ta soja, ta 'yan Najeriya a yaƙin duniya na biyu tana farawa da NA. In a can ya rasu ka sa sunan a rumbun hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth a intanet, akwai sunayen namu da yawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, wasu kuma suna kwance nan maƙabartar Atan a Yaba. Ka gwada rubutun sunan kala kala don Audu zai iya zama Awudu. Rajistar mindodin tsofaffin yaƙe yaƙe tana gidan adana takardu na Kew a Landan, namu kuma akwai na Kaduna da Ibadan, sannan ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ma kar ka raina shi.

Na bayan 'yancin kai fa?

Suma a tara, su ne ma aka fi wofintarwa don ana ganin ba tsofaffi bane. Akwai mindar 'yancin kai ta 1960, ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta Kwango 1960 zuwa 1964, na yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, da na ECOMOG a Laberiya da Saliyo. Masu waɗannan wasunsu suna raye, wani yana gadi a Ikoyi wani yana zaune a Obalende, ranar 15 ga Janairu kaɗai ake tunawa da su. In ka samu irinsu kar ka fara da nawa zaka sayar, ka gaishe shi ka zauna.

Yaya mahaifinmu ya rasu ya bar guda biyar, mu kuma mu bakwai ne, kowa na so, ya zamu yi?

Allah ya jiƙan Baba ya baku haƙuri. Suna cikin dukiyar gado, saboda haka ku sa malamin da zai raba muku ya san da su, amma shawarata kar ku rarraba su ɗaya ɗaya, don daga an raba shikenan, wannan ta tafi Kano wannan ta tafi Kwatano cikin shekara goma babu wanda zai iya haɗa su. Ku sa a yi musu kuɗi gaba ɗaya harda takardun, mutum ɗaya mai riƙon amana ya ɗauka a cikin kasonsa ko ya biya sauran, in kuma duk kun yafe to ku rubuta a takarda kowa yasa hannu cewa na gida ne ba na sayarwa ba. Haka muka yi a gidanmu, na kakana suna wurina, kowane ɗaki an bashi hotonsu da kwafin littafin sallamar, a cikin akwatin kuma na sa wata takarda da na rubuta cikakken sunansa da lambarsa da garinsu da abinda gwaggona ta tuna na ranar da ya dawo a jirgin ƙasa, da boko da ajami, sannan ranar babbar sallah in an taru nakan fito da su yara su taɓa da hannu mai tsabta kafin a kawo nama.